Ƙasa Mai Shuni

Jika biyu ake ba ni a wuni
in riƙe sanda mai ja da fari,
in tsaya inda Injiniya Rabe ya ce tsaya.
Ya leƙa ta idon na'urarsa,
ya kaɗa hannu: gusa hagu, ƙara, ya isa.
Nan nake kafa turke.

Tun Litinin muke gangarowa daga tudu,
layin sabuwar kwalta miƙe kamar zaren masaƙi
zuwa bakin Gulbi.
Mun shafa wa garka uku jan fenti
da katangar wani mai gyaran keke.
Ban ji komai ba, tunda ba nawa ba ne.

Ran Alhamis sandata ta nutse cikin rami.

A takardar Rabe an rubuta da Faransanci
wai fili ne, babu kowa, babu komai.
Ni kuwa na san ramukan goma sha ɗaya ne,
na san na bakwai ya fi zurfi,
don na faɗa cikinsa ina ɗan shekara shida,
aka tsamo ni shuɗi har cikin kunne,
kakana Barmo ya yi dariya har ya saki muciya.
Yanzu leda ce ciki, da kwalaben roba,
da kanya guda tana zubo musu 'ya'ya.

Ƙanwarsa Tabawa ta fito da kujerarta
ta zauna gindin kanyar.
"Nomau, ashe kai ne mai sandar?"
Sai ta shiga nuna su da haɓa:
wancan na Barmo, wancan na Jari mai tari,
wancan Buzaye kan durƙusar da raƙuma gabansa
su kwana uku suna jiran turkuɗi,
wannan ƙaramin, zanen sunanka ya rina.

Kada ku ce ba na son hanyar.
Bara a amalanke na kai matata asibiti,
yashi ya riƙe ƙafar har jinjirin ya riga mu isa.
Ina son kwalta kamar kowa.

Amma da dare na koma,
na tumɓuke turken, na kai shi taku tara gabas.
Da safe na'ura ta gane tun kafin a sha koko.
Rabe ya yanke mini rabin kuɗi,
ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya."
Na ce a raina, ai ba ta da kaka.

Katafila ta iso ran Asabar.
Cizon farko ta ɗebo shara,
na biyu ta ɗago ƙasa,
ƙasar kuwa shuɗiya,
shuɗiya kamar an yanko sama an turbuɗe,
katsin shekaru a kwance bisa katsi.
Ɗan Jimo direba ya kashe inji da kansa,
ya sauko, ya damƙi ƙasar, ya shinshina,
ya ce uwarsa na da irin wannan ƙamshi a adaka.

Rabe ya daɗe bai yi magana ba.
Can ya tsuguna gaban Tabawa da biro,
ya ce ta maimaita sunayen, a hankali.
A gefen taswira ya jera su,
daidai inda aka ce babu kowa.
Ya ƙulla ƙasar a leda, ya haɗa da wasiƙa,
ya hau babur zuwa ofishin magajin gari.

Yau sati uku, shiru.
Wasu na cewa hanyar za ta ɗan karkata,
ai ko Gulbi ba miƙe yake tafiya ba.
Wasu na cewa bayan salla katafila za ta dawo.
Turken na nan inda na'ura ta ce.
Tabawa ta ga ƙarfe ne mai kyau,
ta ɗaure akuyarta a jiki.